Robert Morris, attajirin da ya riƙe baitulmalin Amurka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarka domin in tuna wa masu karatu da Robert Morris, ɗan kasuwar birnin Filadelfiya wanda ba a cika ambatonsa ba idan ana zancen waɗanda suka kafa Amurka. An haife shi a Ingila a 1734, ya yi arziki da fataucin jiragen ruwa tare da abokin cinikinsa Thomas Willing, kuma ba abin ɓoyewa ba ne cewa kamfaninsu ya taɓa safarar bayi.

Da ya shiga majalisar wakilan yankunan Amurka, bai goyi bayan ɓallewa daga Birtaniya nan take ba, domin a ganinsa lokaci bai yi ba, amma daga bisani ya sa hannu a takardar 'yancin kai ta 1776. A 1781, lokacin da kuɗin takarda na gwamnati suka zama ba su da wata daraja, aka damƙa masa harkar kuɗin ƙasa, inda ya riƙa fitar da takardun bashi da sunansa, saboda 'yan kasuwa sun fi amincewa da sa hannunsa a kan alkawarin majalisa, har aka samu abin ciyar da sojojin George Washington, jagoran yaƙin neman 'yancin Amurka. Abokan hamayyarsa sun zarge shi da cakuɗa aljihunsa da na gwamnati, kuma a ganina zargin yana da ƙamshin gaskiya.

Ya wakilci jihar Pensilbaniya a majalisar dattawa daga 1789 zuwa 1795. Sayen filaye a kan bashi ne ya karya shi, aka tsare shi a kurkukun waɗanda suka kasa biyan bashi daga 1798 zuwa 1801, ya rasu a 1806.

Naka,
Mai karatu daga Zariya