Ba Duk Ɗashewar Ganyen Masara Ce Ke Neman Yuriya Ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi magana da manoman masara, domin abin da nake gani duk damina a gonakin Funtuwa da Bakori yana damuna ƙwarai. Da zarar ganye ya yi ruwan ɗorawa, sai mutum ya sayar da akuyarsa ya ƙaro buhun yuriya. Da ma zai sunkuya ya duba wane ganye ne ya ɗashe tukuna. In tsofaffin na ƙasa ne, yunwar naitirojin ce, yuriya ta dace. In kuwa sababbin da ke fitowa daga tsakiya ne suka yi fari-fari, na ƙasa suna kore shar, to sau da yawa sinadarin farar wuta ne ya yi ƙaranci. Shuka takan kwashi naitirojin daga tsohon ganye ta kai wa sabo, amma farar wuta ba ta saurin barin inda ta zauna.

Aikinta a ganye ba ƙarami ba ne. Akwai sinadaran da ake kira enzayim, su ke haɗa sukari daga iska da ruwa. Wasunsu na ɗauke da ƙwayoyin farar wuta guda biyu da ke kama juna da dare, su rufe enzayim ɗin kamar kwaɗon ƙofa. Rana na fitowa, wani ƙaramin furotin mai suna tiyoridoksin ya raba su, aiki ya kankama. Bob Buchanan da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ne suka gano haka a shekarun 1970. Kuma shuka ba ta iya mayar da naitirojin furotin sai da farar wuta, wajen kashi 1 na farar wuta ga kowane kashi 15 na naitirojin. In farar wuta ta yi ƙaranci, yuriyar da aka ƙara sai ta tashi a banza.

Yuriya ba ta da farar wuta ko kaɗan. Takin sufa da iyayenmu suka yi noman gyaɗa da shi yana da wajen kashi 12 cikin 100, amoniyom salfet kuwa kashi 24. Ga shi mun daina kai takin gida yadda ya kamata, muna kuma cinna wa karmami wuta, farar wutar da ke ciki ta bi hayaƙi.

Roƙona ga hukumomin aikin gona na jihohi: a tilasta wa masu haɗa taki su rubuta yawan farar wuta a jikin buhu, da Hausa. Masana na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, kuma su shiga gidajen rediyo su bayyana wannan kafin shukar bana.

Wassalam.

Tsohon malamin gona, Funtuwa.