Manhajar da ta nemi bayit 200 aka ba ta 60: a kama ta tun kafin a kunna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a shafin wasiƙu don mu ja hankalin ƙannenmu da ke koyon rubuta manhaja a Yaba da Ikeja, da kuma 'yan kasuwar da ke ba su kwangila, kan wani kuskure, wato rashin duba adadin bayit (ma'aunin girman bayanai) da manhaja ta karanta ko ta rubuta, wanda ba ya nuna kansa a ranar gwaji, sai kaya sun isa hannun jama'a.

Duk mazaunin Agege ko Idi-Araba ya san mairuwa. Ka ce ya kawo jarka goma, ya turo kura da shida, ya ce maka "shida ne, saura na tafe." Bai cuce ka ba, tunda ya faɗa. Matsalar tana wurinka idan ba ka saurara ba, ka rubuta goma a littafi. Haka kiran read (karanto bayanai) da write (rubuta su) suke a harshen C da duk tsarin da ke bin ƙa'idar POSIX, wato ƙa'idar tsare-tsare irin na Unix. Idan ka ce read ya kawo bayit 200, adadin nan iyaka ce ta sama, ba alkawari ba. Zai iya dawo da 200, ko 60, ko 1. Idan ya dawo da 0, ɗaya ɓangaren ya rufe ko fayil ya ƙare. Idan ya dawo da -1, sai a duba errno, inda ake ajiye lambar kuskuren: EINTR na nufin sigina ce ta katse shi, a sake kira, EAGAIN na nufin babu komai yanzu, a jira. Shi ma write yana iya rubuta wani ɓangare kawai ya faɗi nawa ya rubuta. A Linux ma kira ɗaya ba ya wuce bayit 2,147,479,552 komai girman abin da ka nema.

Me ya sa ba a gani a lokacin gwaji? Domin fayil da ke kan faifai kusan kullum yana ba da abin da aka nema, haka ma sabar da ke cikin kwamfuta ɗaya da manhajar. TCP kuwa, ƙa'idar da ke kai bayanai tsakanin na'urori ta intanet, bai san iyakar saƙo ba, kwararar bayit ce kawai. A layin da ke ɗaukar fakiti mai bayit 1,500, abin da ke saura wa bayanai yawanci 1,460 ne, kuma babu tabbacin yadda gutsattsarin za su iso. Manhajar da ta yi lafiya lau kan wayifai a shagon Computer Village tana iya rikicewa a tsakiyar kasuwar Mile 12 inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa.

Mu ɗauki misalin na'urar POS. Saƙonninta na bin tsarin ISO 8583, kuma an saba sa bayit biyu a gaba da ke faɗin tsawon saƙon. Manhaja ta karanta biyun, ta ga 200, ta nemi 200, aka ba ta 60. Ba ta duba ba, ta wuce. Abu biyu sun lalace nan take. Na farko, gurabe 140 da suka rage a mazubin suna ɗauke da tarkacen saƙon da ya gabata, wanda yana iya zama na wani kwastoma. Na biyu, idan ragowar 140 ta iso, manhajar za ta ɗauki bayit biyun farkonta a matsayin tsawon sabon saƙo, daga nan duk abin da ya biyo baya ya goce har sai an yanke layin. Kai, bayit biyun nan na farko ma suna iya zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba muna cewa wannan ne sanadin kowace cinikayya da ta maƙale ba. Muna cewa ƙofa ce da ake iya rufewa da araha.

Maganin da muke so a ɗauka shi ne binciken kod ba tare da an kunna shi ba, wato wata manhaja ta karanta rubutun taka layi-layi tana neman irin wannan sakaci. Mafi sauƙin kamawa shi ne wanda ya watsar da adadin gaba ɗaya. GCC, manhajar da ke haɗa kod ɗin C, yana gargaɗi a kai idan an haɗa kod da -O2 da _FORTIFY_SOURCE, saboda glibc, ɗakin karatun C na Linux, ta yi wa read da write alamar cewa ba a yin watsi da sakamakonsu; ƙara -Werror=unused-result sai gargaɗin ya zama shinge. A Java, SpotBugs na kiransa RR_NOT_CHECKED. A .NET dokar CA2022 ce. A Rust, Clippy na da unused_io_amount. Kunna waɗannan aikin rabin sa'a ne, babu uzurin barinsu.

Amma inda gizo ke saƙa shi ne layin da ya yi kama da na mai hankali: if (write(fd, buf, len) < 0). An duba kuskure, GCC ya gamsu tunda an yi amfani da sakamakon, ya yi shiru. Alhali idan an rubuta 4,000 cikin 10,000 saboda faifai ya cika, sakamakon ba ya ƙasa da sifili, manhaja za ta ce an adana, fayil kuwa guntu ne. Kama wannan sai mai binciken da ke bin sawun adadin: daga inda aka dawo da shi, shin ya kai ga kwatanci da tsawon da aka nema? Shin an tara shi cikin jimilla? Shin an matsar da wurin farawa da shi? Idan duk inda ya je kwatanci ne da sifili kawai, a ɗaga tuta. Da manhajar bincike ta CodeQL ana rubuta irin wannan doka, masu C kuma suna da Coccinelle, wanda masu kula da kernel, wato zuciyar tsarin Linux, ke aiki da shi.

Har wanda ya san ya kamata a sake kira yana faɗawa rami. Wani zai yi zagaye yana maimaita write amma bai matsar da wurin farawa ba, sai bayit 4,000 na farko su fita sau biyu. Wani zai manta da 0, layi ya mutu amma zagayen na ta juyawa yana shan batir har na'ura ta yi zafi. Wani kuma zai ajiye sakamakon a size_t, wanda ba ya ɗaukar lamba ƙasa da sifili, maimakon ssize_t, sai -1 ya rikiɗe ya zama 18,446,744,073,709,551,615 a na'ura mai bit 64, kuma gwajin "ƙasa da sifili" ba zai taɓa zama gaskiya ba. Wannan na ƙarshen zaɓin -Wextra na GCC yana kama shi ta hanyar -Wtype-limits, amma mutane da yawa a -Wall suke tsayawa.

A ganinmu, ƙaramin kamfani bai kamata ya ɓata makonni yana rubuta doka mai zurfi ba. Akwai gajeriyar hanya. A rubuta aiki biyu kacal, ɗaya mai karantawa har ya cika, ɗaya mai rubutawa har ya ƙare, a sa su a fayil guda, mutum biyu su duba su da kyau. Kowanne yana riƙe jimillar abin da aka samu, yana neman ragowar kawai, yana sake kira kan EINTR, yana dawo da kuskure idan 0 ya zo kafin a cika, kuma yana da wa'adin jira. Sannan a sa doka mai layi kaɗan a Semgrep, wata manhajar binciken kod: duk inda aka ga read, write ko takwarorinsu na layin sadarwa, recv da send, a wajen wannan fayil, a ƙi karɓar kod ɗin. A wasu harsunan ma an riga an dafa: readFully a Java, io.ReadFull a Go, read_exact da write_all a Rust, ReadExactly tun .NET 7, sendall a Python. Masu Python su lura, recv ba shi da irin wannan abokin, kuma MSG_WAITALL, zaɓin da ke sa recv ya jira har ya cika, shi ma yana dawowa da guntu idan sigina ta shigo ko layi ya yanke.

Mai bincike zai yi kuka a inda babu laifi, gaskiya ne. Saƙon UDP, wata hanyar aika bayanai da ba TCP ba, yana zuwa a dunƙule. Rubutu cikin bututu (pipe, mai haɗa manhajoji biyu a na'ura ɗaya) da bai wuce bayit 4,096 ba a Linux ba ya rabuwa. A Go, ƙa'idar Write ta tilasta dawo da kuskure idan an rubuta ƙasa da abin da aka bayar, don haka duba kuskuren ya wadatar a can, amma ba a Read ba. Irin waɗannan wurare a rufe gargaɗin a layin kaɗai, a rubuta dalili a gefensa. Kashe dokar baki ɗaya don ta dame ka daidai yake da cire batirin ƙararrawar gobara. Idan tsohon kod ne mai gargaɗi ɗaruruwa, a fara da abin da ke taɓa soket (ƙofar sadarwar manhaja) da kuɗi, a hana sabo shigowa, saura a bi shi sannu.

Binciken ba ya sanin tsarin saƙonka, saboda haka a haɗa shi da gwaji ɗaya mai tsauri: a ciyar da manhajar bayit ɗaya-ɗaya a ga ko sakamakon zai canza. Go na da iotest.OneByteReader don wannan, a sauran harsuna kuma layi goma sun isa a ƙera shi.

Alhazanmu masu biyan kuɗin aikin, ba sai kun iya kod ba. Kafin ku biya kason ƙarshe, ku nemi a nuna muku rahoton mai binciken kod ɗin tare da jerin dokokin da aka kashe da dalilin kowace, sannan a yi gwajin bayit ɗaya-ɗayan a gabanku.

Wassalam.

Daga wasu masu rubuta manhaja,
Yaba, Legas