Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Da Bashi Ya Hana Barci

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Kawunka ya faɗa mini abin da kai ka kasa faɗa: tirelar tumatirin da ka yi wa lodi daga Kadawa ta lalace tsakanin Mokwa da Jebba, kafin ta iso kasuwar Mile 12 a Legas rabin kwandunan sun zama ruwa, kuma kuɗin ba naka ba ne duka. Ya ce in aka haɗa na Alhajin da ke ba ka kaya, da na banki, da na kamfanonin nan masu ba da rance ta waya, abin ya doshi naira miliyan 6. Na zaɓi in rubuto maka ne don na san halinka. In muka zauna ido da ido, sunkuyar da kai za ka yi ka ce, "Ba komai, Baba."

Ba a kanka farau ba. Harkar kayan gwari da ma haka take, kwana biyu a hanya sun isa su cinye ribar shekara. Tun kuma da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka saki naira ta nemi farashinta a watan da ya biyo baya, kuɗin mota da na dako da na kwandon kansa suka tashi, mai ƙaramin jari bai da sauran abin da zai tare asara da shi. Wannan ba laifinka ba ne. Inda laifinka zai fara shi ne ɓuya, kuma na ji ka fara: ka daina fita kasuwa da asuba, kana zagaye layin Alhaji, waya in ta yi ƙara sai ka kife ta.

Na tsufa a cinikin goro a nan Agege, na kuma zauna a zaman sulhu da yawa a fadar Sarkin Hausawa. Ban taɓa ganin rigimar bashi ta yi zafi don mutum ya zo ya ce "babu a yau" ba. Wadda ke kaiwa ga zagi da cin kwala ita ce ta wanda aka nema aka rasa. Mai bin bashi yana iya jure jinkiri, abin da ba ya jurewa shi ne zaton an mai da shi sakarai. Kai ma ɓuyar ba ta rage maka ko kwabo ba, sai ma ta ƙara maka faɗuwar gaba duk lokacin da aka yi sallama a ƙofar gida.

Ka sayi littafi ka rubuta kowane bashi: wane ne, nawa ne uwar kuɗin, nawa ne ruwan da ke hawa, yaushe ne wa'adi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, ka ga ba ƙaramin abu ba ne. Lissafin da ake yi a ka da ƙarfe biyun dare kullum ƙaruwa yake yi, na takarda kuwa yana tsayawa inda ka ajiye shi. Bayan ka rubuta za ka ga basussukan nan uku ba jinsi ɗaya ba ne, ba kuma hanya ɗaya za ka bi da su ba.

Na wayar nan shi ne mafi ƙanƙanta, shi ne kuma mai cin rai. Ɗauki misali: in ka karɓi naira 500,000 a kan ruwa kashi 15 cikin ɗari duk wata, naira 75,000 ke hawa kanka kowane wata. A shekara ka biya 900,000, uwar kuɗin tana nan ko gezau. Babu kwandon tumatirin da ke kawo irin wannan riba. Don haka shi za ka fara kashewa, kuma ina roƙonka kada ka ƙara karɓar na wani kamfani don ka toshe bakin wani. Maganar riba, wato kuɗin ruwa, da hukuncinta a addini ka san ta, na kuma san ka sani. Za mu yi ta, amma ba yau ba.

Saƙon da kamfanonin rancen suka tura wa surukinka da limaminku cewa kai ɓarawo ne, na san shi ya fi ƙona maka rai. Ba su da wannan hurumin. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar ƙorafi a kan irin wannan cin mutuncin, ta kuma sha ɗaukar mataki a kan masu yin sa. Tun 2023 kamfanin Google ma ya hana manhajojin rance shiga lambobi da hotunan da ke wayar mutum. Kada ka goge saƙonnin, ka adana su, shaida ce. Barazanar 'yan sanda kuwa, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi zalla ko saɓa yarjejeniyar ciniki, ba a kuma kama matarka ko ƙanenka a madadinka. Sai dai ka kiyaye abu ɗaya: kada ka sa wa kowa hannu a cakin banki alhali asusun babu kuɗi. Wannan laifi ne da ke kai mutum gidan yari, ya fita daga sahun bashi.

Na banki ba ya son wayo. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar bin lambar BVN su cire abin da suke bi daga duk asusun da mutum ke da shi a wani bankin, in ya sa hannu a kan hakan ranar karɓar rance. Ka je da ƙafarka, ka nemi a tsawaita wa'adi a rage abin da kake zubawa duk wata, kuma duk abin da aka amince a ba ka shi a rubuce.

Sai na Alhaji, wanda ya fi yawa, ya kuma fi nauyi a wurina, don shi babu takarda tsakaninku sai amana. Mutumin nan ya ba ka kayan miliyoyi da fatar baki saboda sunan gidanmu. Kada ka aika masa ɗan saƙo, kada ka kira shi a waya. Ka je rumfarsa, ka zauna ƙasa, ka faɗa masa yadda abin ya faru ba ƙari ba ragi, da sunan direba da inda motar ta kwana. Kada ka je hannu rabbana, ko dubu hamsin ce ka ajiye a gabansa. In ya tambaye ka yaushe, kada kunya ta sa ka ce "ƙarshen wata" alhali ka san ba za ta yiwu ba, kada kuma ka rantse. Ka faɗi abin da za ka iya kawowa duk mako ko kasuwa ta yi gardama, sannan ka riƙe shi. Ɗan kaɗan da ke zuwa a ranarsa ya fi kwantar wa mai kuɗi da hankali a kan babban alkawarin da aka saɓa sau biyu. Allah ya umarci mai bin bashi da ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, aya ta 280 ke nan a wannan surar, amma ba kai za ka karanta masa ita ba. Wannan aikinmu ne, mu dattawa. In abu ya ƙi daidaita a kasuwa, ma'aikatar shari'a ta jihar Legas tana da cibiyar sasanta jama'a da ke zama kyauta. Ba na jin za a kai can.

Mahaifiyarka ta ce da ka zo sunan ɗan ƙanwarka riga ta yi maka yawa. Ka ci abinci. Ka tsaya a kemis a auna maka jini, hawan jini ba ya sallama, kuma ka san yana gidanmu. Ƙwayar da samari ke haɗiya wai don su manta damuwa, da shagunan cacar ƙwallo da suka cika Ketu, da masu cewa kawo dubu ɗari ka karɓi dubu ɗari biyu, duk masu bashi suke farauta. Ka tuna yadda mutane suka yi kuka da MMM a ƙarshen 2016. In kuma tunani ya taɓa kai ka ga cewa gara mutuwa da wannan kunya, a daren nan za ka buga mini ƙofa, ko ƙarfe nawa ne.

Ka gaya wa mai ɗakinka gaskiya, da adadin. Tana ganin kana juyi a shimfiɗa, kuma abin da take saƙawa a ranta ya fi gaskiyar muni. Ita za ta san inda za a rage a cefane ba tare da yara sun ji a jikinsu ba. Amma ɗan kunnenta da sarƙarta nata ne. In ta bayar da kanta, ka rubuta su a littafin nan cikin basussuka.

Kada ka ɗauka bashi ya rage maka daraja a wurin Allah. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir. Ya kuma yi mana albishir cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya, Allah zai biya masa. Addu'ar da yake yawan yi ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki ita ce dai ta ƙare da nauyin bashi da rinjayen mazaje, ka lizimce ta safe da yamma. Masu bashi suna cikin mutum takwas da Suratut Tauba ta ce a ba su zakka, saboda haka in limami ya sa sunanka, kada girman kai ya sa ka ce a cire.

Ga abin da zan iya. Gonar gado da ke gida ba za a taɓa ta ba, ba tawa ba ce ni kaɗai. Ɗaukar adashina ta watan gobe na bar maka ita, kai tsaye kamfanonin rancen waya za ta tafi, a gabana. Babur ɗinka ka sayar, amma ka bar abin da za ka riƙa saro kwando biyar ko goma a nan cikin kasuwa, don sai ana juyawa ake biya. Lodin tirela ka haƙura da shi bana. Ranar Asabar bayan azahar ni da kawunka za mu same ka a bakin gadar Mile 12 mu wuce wurin Alhaji tare. Ka zo da littafin da takardun banki.

Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce a turo mata yaran hutun nan.

Mahaifinka,
Agege, Legas