Maciji ya sari yaro a sansanin sikawut, yanzu ni ake so a ɗora wa laifin

Assalamu alaikum Malam,

Da fatan kana lafiya tare da iyali da abokan aikinka na gidan rediyo. Allah ya saka da alheri bisa shawarwarin da kake ba jama'a. Ina roƙo a sakaya sunana da na garinmu, don maganar ta shafi mutanen da muke gaisawa kullum.

Malam, raina a ɓace yake, ka yi haƙuri idan maganar ta zo a hargitse. Ina cikin manyan da ke aikin sa kai a ƙungiyar sikawut ta yankinmu. Ba albashi, ba alawus, sau da yawa ma kuɗin motarka daga aljihunka yake fita. A sansanin dogon hutun nan da ya wuce, ni ne mai kula da kayan abinci da akwatin taimakon gaggawa, kuma kamar kowane babba ina cikin jerin masu gadin dare. A sansanin ne maciji ya sari wani yaro ɗan shekara 12. Amma bari in fara bayyana yadda abin ya kamata ya kasance, don mutane sun ɗauka sikawut fareti ne da busa usur da ɗaura ƙyalle a wuya, shi ke nan.

Tun sansanin farko da Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, ya yi a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, yara 20 kawai ya ɗauka, ya raba su rukuni huɗu, kuma bai je shi kaɗai ba, da mataimakansa. A Najeriya ma tun 1915 ake wannan harka, ba jiya aka fara ba. Tsarin rukunin yana nan har yau: yanzu yara shida zuwa takwas a rukuni, da shugabansu daga cikinsu, tantinsu ɗaya, murhunsu ɗaya. Lissafin da muke bi shi ne babba ɗaya ga yara takwas, ban da mai girki da mai kula da marasa lafiya, don waɗannan biyun hannunsu ba ya zama. Sannan babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, ba ya kwana a tantin yara, yaro kuma ba ya zuwa ko'ina sai da abokin tafiyarsa, ko da ban-ɗaki ne. Wanda nake kuka da shi, wato shugaban sansanin, ya san duk wannan fiye da ni. Har horon manyan shugabanni ya yi, irin wanda aka faro a sansanin Gilwell na Ingila a 1919, kuma 'yan itatuwan nan na shaidar horon ba sa barin wuyansa, ko ɗaurin aure za shi.

A zaman shiri an tsaya a kan yara 48 da manya takwas. Ranar tafiya na ƙirga yara 72 a bakin mota, manya kuwa biyar. Yara 72 rukuni tara ke nan, manya tara ake bukata aƙalla. Da na yi magana shugaban ya ce iyaye ne suka matsa, ba ya iya mayar da ɗan kowa. To kuɗin rajistar ƙarin yara 24 fa, ina ya shiga? Ni dai buhun shinkafa ɗaya ban ga an ƙaro ba. Ba zarginsa nake yi ba, Allah ya ga zuciyata, amma har yau ba a karanta wa kwamiti lissafin ba.

Ƙarin yara ba ƙarin baki ba ne kawai. Ruwa, tsakanin sha da girki da alwala da wanke hannu, ana lissafa aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana. Na yara kaɗai ya kama lita 1,080, wato jarka mai lita 25 guda 43 da ɗoriya, kullum. Mai kura ɗaya aka yi magana da shi. Ruwan sha kuma sai an tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa masa maganin tsabtace ruwa a jira minti 30, domin watan Agusta ne, lokacin amai da gudawa. Ni na tsaya a kan wannan, kuma cikin ikon Allah ba yaron da cikinsa ya ɓaci. Wannan ba wanda ya rubuta shi a takarda. Sukari da gishirin da na ware don haɗa ruwan gudawa (lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri) har muka dawo ba a taɓa su ba.

Sai masai. Ka'ida rami ɗaya ga mutum 20, a gangaren sansani, nesa da rijiya ko rafi da aƙalla mita 30, a kewaye shi da zana ko tamfol, a ajiye toka da shebur a gefe, da buta da sabulu. Muhimmin abin da mutane ke mantawa shi ne hanyar zuwa wurin: a nome ta fes faɗin taku biyu, a ja igiya daga tanti har bakin ramin, a rataye fitila a ƙarshe ta kwana tana ci. Mu ramuka biyu aka haƙa maimakon huɗu. Da na farko ya fara wari, sai shugaban ya ba da umarni a haƙa wani can bayan wani tsohon suri, kusa da tarin duwatsun da manomi ya tsince daga gonarsa. Duk wanda ya taɓa noma ya san abin da ke kwana a irin wannan wuri da damina. Na ce a jira a nome ciyawar, ya ce lokacin fareti ya yi, baƙi na tafe. Da kunnena na ji, akwai kuma waɗanda suka ji, sai dai yanzu kowa ya zama kurma.

Shi kansa filin ban so shi ba tun farko. Ana neman tudu mai ɗan gangare ne, ba kwari ba, kuma ba ƙarƙashin doguwar bishiya tilo ba saboda tsawa. Kowane tanti a yi masa 'yar kwata a kewaye don ruwa ya bi, a kafa turaku a karkace bayansu na kallon tanti, a sassauta igiya idan hadari ya haɗo in ta auduga ce, don tana ɗaurewa in ta jiƙa har ta tumɓuke turke. Takalma a kife su a kan sanda, da safe a kakkaɓe saboda kunama. Gidan sauro dole. Abinci ba ya kwana a tanti, don ɓera zai biyo shi, maciji kuma ya biyo ɓera. Duk mun yi wannan, yaran ma sun yi ƙoƙari, wallahi abin sha'awa.

Gadin dare kuwa, manya biyu-biyu ake yi, awa biyu ko uku, sannan a tashi na gaba. Dalilin biyun shi ne idan yaro ya fito zai kewaya, ɗaya ya raka shi da abokinsa da tocila, ɗaya ya tsaya a kan tantuna. A daren da abin ya faru manya uku ne a sansanin. Ɗaya zazzaɓi ya kwantar da shi tun magariba, ɗaya shi ne mai girki da zai tashi da asuba ya dama kunun mutum fiye da 70. Ni kaɗai na rage a kan tanti tara. Shi shugaban ya ɗauki motar da aka ajiye don gaggawa ya tafi gida, da mataimakinsa, wai gobe da sassafe zai taho da biredi. Ka ji fa, Malam, biredi.

Wajen ƙarfe biyu iska ta taso, tantin ƙarshe na gabas ya fara kwantawa a kan yara, na tafi ina buga turaku. A daidai lokacin yaron ya fito daga tantin yamma, ba takalmi, ba tocila, bai tashi abokinsa ba, ya bi hanyar sabon masai. Ihunsa kawai na ji. Ta yaya mutum ɗaya zai kasance gabas da yamma a lokaci guda?

Kububuwa ce, yaran sun gan ta da tocila. Abin da ake yi a sara sananne ne ga duk wanda ya yi horon taimakon gaggawa. A janye wanda aka sara daga wurin, a kwantar masa da hankali, a hana shi tafiya da ƙafarsa. A cire duk abin da zai matse idan kumburi ya zo. A sa wa ƙafar karan-ɗori don kada ta yi ta motsi, a rubuta lokacin saran, a ɗauke shi zuwa asibiti. Ba a tsagawa, ba a tsotsewa, ba a ɗaure ƙafa tamau da igiya ko roba, ba a ɓata lokaci wajen farautar macijin. Ba a ba shi asfirin ko ire-irensa, don dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, har a ga jini na fita ta dasashi. Ciwo in ya yi yawa farasitamol ne. Kafin in iso, manyan yaran sun riga sun ɗaure masa ƙwauri da ƙyallen wuya, abin da suka gani a gida ke nan. Na kwance, na sa kara, muka ɗora shi a kan tamfol mutum huɗu suka ɗauka zuwa bakin hanya. Yanzu wannan kwancewar ce mahaifinsa yake cewa ita ta sa dafi ya hau. Ma'aikacin asibitin da kansa ya ce daidai na yi, amma a gabana kawai ya faɗa.

Babur ɗin wani ɗan banga aka samu, don dama na kai wa dagaci gaisuwa ranar da muka sauka, na karɓi lambar mutanensa. Shi ma wannan aikin shugaba ne, kamar yadda sanar da 'yan sanda da zuwa asibiti mafi kusa a tambaya ko suna da allurar kashe dafi aikinsa ne tun kafin a kafa tanti. Ba kowane asibiti ke ajiye ta ba, shi ya sa mutane ke ɗaukar doguwar tafiya har Kaltungo ta jihar Gombe. Asibitin farko da muka je babu, sai na biyu. Nan aka ɗebi jininsa a kwalba aka ajiye minti 20, bai daskare ba, aka sa masa allurar. Ni na ajiye wayata jingina a kantin magani kafin gari ya waye. Takardar izinin iyaye, wadda ake rubuta lambar waya da ko yaro na da sikila ko asma ko farfaɗiya, ba a cika wa ƙarin yaran nan ba, shi kuma yana cikinsu. Sai da hantsi aka gano gidansu.

Au, ban faɗa ba, yaron ya warke alhamdulillahi, yana takawa, sai ɗan kumburin da bai gama saɓewa ba. Kuma shi shugaban ƙanin mahaifin matata ne, baffa nake ce masa, shi ya ma shigar da ni harkar. Wannan ne ya ɗaure ni.

Mahaifin yaron ya same ni a ƙofar masallaci bayan la'asar, ya ce an faɗa masa barci nake yi. Wa ya faɗa masa? Bayan kwana biyu sai ga takarda daga baffan, an riga an buga ta, tana cewa abin ya faru ne bisa “gajiyar mai gadi”, ba maganar mota, ba yawan yara, ba masai. Ya ce in sa hannu a rufe maganar a zaman kwamiti mai zuwa, shi zai ba mahaifin haƙuri, idan kuwa aka tona komai za a hana mu yin sansani gaba ɗaya, yara ne za su yi asara. Yana magana yana murmushi, yana ce mini “ɗana”. An ci moriyar ganga ke nan. Matata tana kuka ta ce in sa hannu a zauna lafiya. Mahaifiyata ta ce in ajiye kakin kawai, ɗan wani ba abin wasa ba ne.

Ni ba tsoron a cire ni nake yi ba. Amma idan na sa hannu, baɗi haka za a sake kwasar yara 70 da manya uku, wanda zai tsaya gadi kuma wani ne ba ni ba. Idan na ƙi, na tona asirin surukina a gaban mutane. Akwai littafin sansani a hannuna, da jerin gadi da sa hannun kowa da lokacin da mota ta fita. Shin kai shi gaban kwamiti cin amana ne? Ko in fara samun wani dattijo a dangi ya zaunar da mu tukuna? Kuma kuɗin allurar da na biya, in nema ko neman zai sa a ce dama don kuɗi nake yi?

Abin da ya fi hana ni barci ma shi ne mahaifin yaron. Maƙwabcin shagon yayana ne, kullum sai na wuce ta gabansa, yanzu in na yi sallama kai kawai yake kawarwa. Ina so in je duba yaron a gida, amma ina tsoron a ɗauka zuwan amsa laifi ne. In je ni kaɗai, ko da liman, ko in bari sai bayan zaman kwamiti? Kuma in ya tambaye ni ina motar take a daren, me zan ce masa?

Wassalam,
Mai sauraronka a kullum.