Zafin Injin Babur a Cunkoso: Ba Rana Kaɗai Ke da Laifi Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana da masu babura, tunda bazara ta kawo kai. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, injinan babura kan yawaita bugawa, kowa kuma rana yake ɗora wa laifi. Rana tana da nata kason, amma yawancin ɓarnar daga hannunmu take fitowa.

Boxer da TVS da Jincheng da muke hawa ba su da lagireto, ba su da fanka. Layukan ƙarfen nan da ke kewaye da silinda da kan inji su ke miƙa wa iska zafi, baƙin mai kuma ya kwaso na ciki. In babur na tafiya, iska na kaɗa su. In kuwa ya maƙale a cunkoson Kurna ko Bata a Kano da ƙarfe biyar na yamma, Adaidaita a gaba, bas a gefe, kowa na fesa masa hucin salansa, to iska ta tsaya, wuta kuwa tana nan tana ci a cikin silinda.

Abin da ya fi damuna shi ne kafireto. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, an shiga yayin cewa bakanike ya matse shi don babur ya rage shan fetur. Abin da ba a gaya wa mai babur shi ne, in iska ta rinjayi fetur a gaurayen da ke shiga silinda, zafin inji ƙaruwa yake yi, domin shi kansa fetur yana ɗan sanyaya kan fistan da bawul. Ɗan canjin da ya rage a gidan mai, a wurin sayen fistan da ringi ake mayar da shi, har da riba. Gane wannan ba wuya. Bayan tafiyar kamar kilomita 10, a bar inji ya huce, a kwance fulogi a dubi bakinsa. In ya yi launin shayi da madara, lafiya lau. In ya yi fari fat kamar alli, fetur ya yi kaɗan. In ya yi baƙi da kunkunniya, ya yi yawa. A duba kuma robar da ta haɗa kafireto da inji, don in ta tsage tana zuƙo iska ta ɓarauniyar hanya, alamarta kuwa silo, wato gudun inji in ba a murɗa totur ba, ya riƙa hawa da kansa. Masu cire soson tace iska su jefar, su ma matsalar ɗaya ce, ga kuma ƙura tana goge silinda. Soso wanke shi ake yi da kananzir, a matse, a ɗan shafa masa mai a mayar.

Sai baƙin mai. Waɗannan injinan kusan lita ɗaya kacal suke ɗauka, ita ce kuma ke wanke fistan da giya da kuloci gaba ɗaya, don haka rashin ko da kwata ba ƙaramin abu ba ne. A yanayinmu 20W-50 ya dace, wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa, alamar cewa ya dace da kulocin babur. Wasu mayukan mota suna sa kuloci santsi, santsin kuma zafi ne. Man awo na bakin titi da ba a san asalinsa ba, da ya ji wuta sai ya tsinke kamar ruwa. Mai yawan shiga cunkoso ya juye mai duk kilomita 1,500 zuwa 2,000. Wanda mitarsa ta mutu, kuma na san su ne suka fi yawa, in ɗan acaɓa ne ya yi lissafin sati biyu. Kowace safiya a ɗora babur kan jakin tsakiya a wuri mai daidai, a zaro ma'aunin a duba. Kada a zuba ya wuce alamar sama.

A cikin cunkoson kuwa, in ka ga tsayuwar za ta wuce minti ɗaya ko biyu, kashe inji. Murɗa totur a tsaye ba ya ƙara komai sai zafi. Riƙe kuloci rabi da rabi ana jan ƙafa shi ma dafa mai yake yi. Gara a bari a sami tazara, a saki kuloci duka a giya ta ɗaya, a mirgina a hankali. Mai kaya ko goyo kada ya bar babur a babbar giya yana nishi. Leda ko kwali ko buhun da ake ratayawa a ƙarfen gaba don tare ƙafa, a cire su, hanyar iska suke toshewa.

Layukan ƙarfen nan ma suna son wanka. In gasket na yoyo, mai ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama ɓawo, inji ya koma kamar wanda aka lulluɓa wa bargo. A gyara yoyon tukuna, sannan a bi tsakanin layukan da tsohon buroshi da kananzir, a ɗauraye da ruwan sabulu, amma sai inji ya yi sanyi ƙalau. A kuma sa bakanike ya auna tazarar bawul da ma'auni, ba da kunne ba, shi ma a inji mai sanyi. A ƙananan babura tana tsakanin milimita 0.05 da 0.10, gwargwadon samfuri. In ta matse, bawul ɗin salansa ba ya zama daram a mazauninsa ya sauke zafi, sai ya ƙone.

Inji kan yi gargaɗi kafin ya buga: ƙara ƙas-ƙas-ƙas in an ba shi wuta, ƙarfi ya ragu, giya ta yi tauri, ƙaurin mai ya taso. Da ka ji haka, gangara inuwa ka kashe, ka ba shi minti 15 zuwa 20. Don Allah kada a fasa masa fiya wata. Kan inji alminiyom ne, in waje ya sanyaya farat ɗaya ciki na tafasa, yana iya lanƙwashewa ko ya tsage, gasket ya saki. In ya huce, a fara duba mai kafin a taka kik.

Wassalam.

Naka,
Wani bakaniken babur, Kano