Zuwa ga aminina, kan ciwon suga da cin tuwo

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin naka, ya iyali? Saƙonka ya iso. Ka ce tun da likita ya gano maka ciwon suga ka ƙaurace wa tuwo, wani lokaci ko karin kumallo ba ka yi, har jiri yana ɗibarka da hantsi. To, wannan gyara zai so.

Ba a hana mai suga tuwo ba, yawansa ake ragewa. Malmala ɗaya kamar dunƙulen hannunka ta isa, ko ta masara ce ko dawa ko shinkafa. Har acca da ake ta yabo, in ka cika kwano sai suga ya hau. Rabin faranti ya zama ganye, zogale, rama, alayyafo ko kabeji, sauran ka raba tsakanin tuwon da wake, kifi ko ƙwai. Abin da ya fi ɓarna shi ne abin sha: shayi mai cokali huɗu na suga a teburin mai shayi, lemon kwalba, zoɓo, kunu mai zaƙi. Zuma ma suga ce, kada a ruɗe ka.

Jirin kuwa, duba sunan maganinka. In glibenclamide ne, shansa ba tare da abinci ba yana faɗar da suga ƙasa da 70 a na'urar awon suga (ma'aunin mg/dL), sai rawar jiki, gumi da yunwa. In ya zo, jiƙa ƙaramin cokali huɗu na suga a ruwa ka sha, ka jira minti 15, ka sake awo, sannan ka ci abinci. Metformin kuma a tsakiyar cin abinci ake shansa don kada ya ɓata ciki. Awon safe kafin ka ci komai ana son shi tsakanin 80 zuwa 130, awa biyu bayan abinci ƙasa da 180. Rubuta su a littafi ka kai asibiti.

Yi tafiya mai ɗan sauri ta minti 30, kwana biyar a mako.

Ƙafa fa? Bayan alwala goge tsakanin yatsu, ka duba tafin kullum, ka shafa mai saboda kaushi. Kada ka sa reza, kada ka taka ƙasa ba takalmi, domin suga yana kashe jijiyar ji, ƙaya ta shige ka ba ka sani ba.

Ka turo mini sunan maganin da awon mako guda. A gaishe da maiɗakinka da yara. Allah ya ƙara sauƙi.

Naka amini.