Rahoton COGES, kwamitin kula da lakwal, kan ginin aji biyu na lakwal ɗin unguwarmu, Tawa

Assalamu alaikum iyaye da ƴan uwa na gida da na waje. Alhamdulillahi aji biyun nan da munka daɗe muna magana kansu an gama su, an rufa kwano, an sa ƙofofi da tagogin ƙarfe, ƴan CI da CP (aji na ɗaya da na biyu) sun bar runfar kara sun shiga ciki tun satin da ya wuce.

Kowa ya san abin da ya tashe mu tsaye. Tun gobarar da ta ci yara a lakwal ɗin unguwar Pays-Bas ta Yamai a watan Afrilu 2021, sannan ta Maraɗi a Nuwamba na shekarar, babu uban da hankalinshi ke kwance in ɗanshi na zaune cikin zana, balle lokacin hunturu da iska ke kaɗawa ga masu tuyar ƙosai da wutarsu bakin ƙofa. Kuma kowace shekara sai an sake sayen kara da itace, damina ta zo ta kwashe, Oktoba ta yi a koma tara wasu kuɗɗin.

Shawarar takardar neman gudummawar ginin, wadda yara za su kai ma mutane, daga wata malama ta fito. Da farko wasu dattawa sun ƙi, sunka ce ba za a maida musu ɗiya mabarata ba, kuma gaskiyarsu. Shi ya sa munka sa ƙa'ida: yaro ba ya riƙe ko dala, ba ya shiga kasuwa ko tasha da takarda, danginshi da maƙwabtan da ya sani kaɗai zai kai ma. Ƴan CM1 da CM2 (aji na biyar da na shida) ne sunka kwafe ta daga allo da hannunsu, Faransanci a gaba Hausa a baya, kowace da lamba da hatimin direkta, a ƙasa kuma sunan ma'aji ne da inda za a same shi. Wanda ya ba da kuɗɗi a ba shi resi nan take.

To abin da ba mu zata ba shi ne ƴan bida. Uwaye sunka dinga ɗaukar hoton takardun suna turawa ta WhatsApp ga mazansu da ƙannensu da ke Abijan, Legas, Libiya da Aljeriya, kuma wallahi mutum ya ga rubutun ɗiyarshi da ya bari tana rarrafe, layi ya karkace ga gurbin da ta goge ta sake, ba ɗaya ba ne da saƙon da kwamiti zai tura mishi. Mafi yawan kuɗɗin siminti da kwano daga can sunka zo. Na gida ma ba a bar su baya ba, mai dala ashirin ya kawo, mai jika ya kawo, wata tsohuwa tiya biyu ta hatsi ta aiko munka saida munka rubuta da sunanta.

Aiki ya fara bayan an gama girbi. Masu amalanke sun kawo yashi da tsakuwa kyauta, uwaye ƴan AME, ƙungiyar uwayen ƴan lakwal, su sunka riƙe zancen ruwa, kullum da asuba sai ka gan su da bido suna shayar da bulo don kar ya tsage. Mun tsaya kusan wata guda da kuɗɗi sunka yanke, ginin na daidai linta, ba mu ci bashi ba, mun jira zagaye na biyu na takardu. Magina sun rage mana kuɗɗin hannu, Allah shi saka musu.

Lissafin shiga da fita duka an liƙa shi a ofishin direkta tare da kwafin resi, duk mai son dubawa ƙofa buɗe take, wanda ke waje ya sa ɗan uwanshi ya ɗauko mishi hoto.

Abin da ya rage: tebura ba su isa ba, rabin ƴan CI kan tabarma suke zaune, kuma aji guda har yanzu na cikin kara. Za mu zauna ranar Asabar bayan la'asar a cikin sabon ajin, kuma can za mu yanke ko a sake takarda bana ko a bar mutane su huta sai baɗi.